Baƙi da Birai a Sansanin Wikki

Tun 1962 aka buɗe gandun dajin Yankari, a Jihar Bauchi, ga masu ziyara. Baƙi kan sauka a ɗakunan sansanin Wikki, daura da maɓuɓɓugar da ɗumin ruwanta ke tsaye a digiri 31, rani da damina.

Sai dai gwaggon biri yana da saurin koyo. Muddin baƙi suna miƙa masa ayaba ko burodi, sai ya rage kiwo a daji, ya koma fizgar jaka da kutsawa ɗakin da aka bari a buɗe. Ƙanana su koya daga manya, har ɗabi'ar ta game garke. Malamin da zai kai ɗalibai can ya hana su ciyar da birai, kuma su kwashe ledojinsu, domin leda kan toshe hanjin dabbar da ta haɗiye ta.