Kafin A Kwance Kwamfuta Don Sauya Katin Hoto

A Agege da Idi-Araba da Sabo ta Ibadan akwai samari 'yan Arewa masu yawa waɗanda abincinsu yake cikin kwamfutar tebur, watau masu haɗa hotunan biki da masu tace bidiyo. Idan aiki ya yi wa inji nauyi har hoto ya riƙa tsayawa, shawarar da kowa ke bayarwa ita ce a tafi kasuwar Computer Village ta Ikeja a sayo katin hoto mai ƙarfi, wato allon nan da ke sarrafa duk abin da ido ke gani a fuskar kwamfuta. Amma fa ba a sa shi sai an buɗe murfi, a nan ne maganar garanti take tasowa.

Masu shago da yawa sukan manna wata 'yar takarda a bakin murfin. Da zarar ta yage, mai shago ya sami hujjar cewa ba ruwansa, ko da kuwa abin da ya lalace bai shafi katin ba. A Amurka dokar Magnuson-Moss ta 1975 ta hana irin wannan sharaɗi, har ma a 2018 hukumar ciniki ta ƙasar ta gargaɗi kamfanoni shida a kansa, ciki har da Sony da Microsoft da ASUS. Sai dai dokar Amurka ba ta aiki a Ikeja. A nan gida hukumar FCCPC ce ke karɓar koken masu saye, kuma wanda ya je mata ba rasit ya wahalar da kansa.

Sa'an nan yawancin injunan da 'yan'uwa ke saye tokumbo ne, garantin kamfaninsu ya ƙare tun kafin su hau jirgi. Abin da ya rage shi ne alkawarin mai shago, na kwanaki ko makonni. Saboda haka mai hankali yakan kai injin shagon da ya saya, su buɗe da hannunsu, su sa katin, su rubuta a rasit cewa su ne suka sa.

Babban hatsarin ma yana wajen akwatin wuta. Ramin da ake soka katin wat 75 kawai yake bayarwa. Katin da ya fi haka ci sai an jona masa waya daga akwatin wuta, mai baki 6 ko 8. Ƙananan injunan ofis na Dell da HP kuwa, akwatin wutar yawancinsu bai kai wat 300 ba, ga shi ciki ba fili. A ɗora musu babban kati, sai inji ya riƙa mutuwa ana tsakiyar aiki, wani lokaci har ya ƙone, kuma garanti ba ya biyan ɓarnar da mai kaya ya jawo. Irin waɗannan injuna sun fi dacewa da gajeren kati kamar GTX 1050 Ti na 2016, wanda yawanci wutar ramin ta ishe shi.

Tsohon katin kuma a ajiye shi, kada a sayar. Ranar da za a mai da inji shago, da shi za a mai da.