Gaya Da Ajingi: Ci-rani Ya Koma Cin Shekara

Masana tarihi sun ce maƙeran Gaya, wato Abagayawa, suna cikin waɗanda suka fara zama a gindin Dala. Abin takaici, a yau jikokinsu na Gaya da Ajingi kan shiga Kano ne hannu rabbana, suna neman abin sawa a bakin salati.

Mai karatu, dubi kalmar "ci-rani". Asalinta mutum ya fita bayan kaka, ya dawo da faɗuwar damina. Amma tun da masaƙun Bompai da Sharaɗa suka durƙushe, taki kuma ya yi tsada, magidanci kan shekara a birni yana jiran aikin da ba ya zuwa. A gida kuwa yarinya ta ɗauki farantin talla, yaro ya ɗauki ƙoƙon bara. A 2022 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce 'yan Nijeriya miliyan 133 ke cikin talauci, kuma a cikin kowane yara uku, biyu matalauta ne.

Ba a ce gwamnatoci ba su taɓuka ba. An kafa NAPEP a 2001, an fito da shirin Naira 5,000 duk wata a 2016, sannan Naira 25,000 na wata uku a 2023. Sai dai "tallafi" daga "tallafa" yake, wato riƙe abu kada ya faɗi. Wanda ya riƙe na wata uku ya saki, jinkirta faɗuwa kawai ya yi.

Ya kamata tallafin ya ɗore, a ɗaura shi bisa zuwan yaro makaranta, dagatai da masu unguwanni su tantance mabuƙata, a kuma raya noman rani domin uba ya zauna gida. Allah ya sa masu mulki su ji.