Kafin A Ƙera Manhaja, A Taka Zuwa Ƙofar Kaura

A 'yan shekarun nan matasa masu ilmin kwamfuta a Katsina sun duƙufa wajen ƙera manhajojin waya. Da yawansu kan rubuta takardar tambayoyi da Turanci, su watsa a WhatsApp, abokan karatunsu su cike, sai a ce an ji ra'ayin jama'a.

To, wace jama'a? Mai karatu ya tsaya a Ƙofar Kaura da hantsi, ya dubi masu Keke Napep da masu shayi da 'yan dako. Da yawansu ƙaramar waya ce a aljihunsu, wadda ba ta hawa intanet. Takardar ba za ta riske su ba, sai an taka an same su, an tambaye su da Hausa.

Irin waɗannan mutane ne aka bari a baya lokacin da Babban Bankin Nijeriya ya ƙaddamar da eNaira ranar 25 ga Oktoba, 2021, domin sai mai babbar waya da asusun banki ke iya shiga. Sai a watan Agusta na 2022, a Kano, aka fito da lambar *997# saboda masu ƙananan wayoyi.

Ita kanta tambayar sai an iya. Katsina ɗakin kara ce, in ka ce wa mutum, "Za ka yi amfani da wannan?" zai ce, "Me zai hana?" don kada ya kunyata baƙo. Gara a tambaye shi yadda ya aika kuɗi ƙauye makon jiya, nawa mai POS ya cire, da tsawon lokacin da ya jira kafin saƙon ya isa.