Madatsar Kandaji: aikin da ya daɗe yana jiran kuɗi

A shekarar 1985, lokacin da fari ya tsananta, kogin Kwara ya daina gudu a Yamai. Mutanen babban birni sun ga rairayi a inda jiragen ruwa suka saba ratsawa. Tun kafin wannan shekara, a zamanin Janar Seyni Kunce, hukumomin Nijar suke da shirin datse kogin a Kandaji, kusa da Ayoru cikin jihar Tillaberi, kimanin kilomita 180 arewa maso yammacin Yamai, domin a tara ruwan damina a riƙa sakinsa da rani.

Amfanin aikin a bayyane yake: wutar lantarki megawat 130, noman rani a fili mai faɗin hekta 45.000, da ruwan sha ga garuruwan bakin kogi. Abin da ya gagara shi ne kuɗi. A shekarun 1970 gwamnati ta dogara ga arzikin uraniyom, wanda da shi aka shimfiɗa hanyar Tawa zuwa Arlit. Da farashinsa ya faɗi a farkon shekarun 1980, sai baitulmali ya bushe, masu ba da bashi suka gindaya sharuɗɗan tsuke bakin aljihu, kana aka karya darajar sefa a watan Janairu na 1994. Gwamnatin da ma'aikatanta ke bin ta albashin watanni ba ta da bakin maganar madatsa.

Sai a watan Agusta na 2008 shugaba Tanja Mamadu ya aza harsashin ginin. Aka ba wani kamfanin Rasha kwangila, aiki ya yi ta tafiyar hawainiya, aka soke kwangilar a 2013. A watan Maris na 2019 shugaba Isufu Mahamadu ya sake buɗe aikin, wannan karo a hannun kamfanin Gezhouba na ƙasar Sin, aka kuma ƙiyasta kuɗin shirin a kan miliyar 740 na sefa.

A nan gizo ke saƙa. Kaso mafi tsoka na waɗannan kuɗi ba daga harajin ƙasa yake fitowa ba, rance ne da tallafi daga Bankin Duniya, Bankin Raya Afirka, Bankin Musulunci, hukumar raya ƙasashe ta Faransa da wasu asusun ƙasashen Larabawa. Kowane mai zuba kuɗi da nasa ƙa'idoji da nasa lokaci, kuma in ɗaya ya ja baya sauran sukan dakata. Gwamnati kuwa tilas ta kawo nata kaso, musamman na diyyar dubban iyalan da ruwa zai cinye gidajensu da gonakinsu, har da mutanen Ayoru. Wannan ɓangare ne ba a cika jin labarinsa ba a ranakun buki, alhali masu ba da rance ba su yarda a cika tafki da ruwa sai an sake wa mutane matsuguni.

Shekarar 2023 ta nuna tsadar wannan jinkiri. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, ƙungiyar CEDEAO ta ƙaƙaba takunkumi, Najeriya ta yanke wutar da take sayar wa kamfanin NIGELEC, wadda ta kai kusan kashi 70 cikin 100 na abin da ƙasar ke amfani da shi. Yamai ta shiga duhu, haka Maraɗi da Damagaram da ke samun tasu ta layin Katsina. Masu walda, masu injin niƙa da masu sayar da ƙanƙara ne suka fara ji a jikinsu. A daidai wannan lokaci ne manyan masu ba da rance suka rufe lalitarsu, kamfanin Gezhouba ya sanar da dakatar da aiki a watan Agusta, ya sallami ma'aikatansa 'yan ƙasa. Wutar Najeriya kuwa ba ta dawo ba sai a watan Maris na 2024.