Kanwa da Shanu: Arzikin Ƙasar Manga

Mu da muka tashi a Jajimaji, tsakanin Nguru da Gashuwa, tun daga nesa muke gane motar kanwa: buhuna jibge, farar ƙura ta rufe yaran mota har gira. Daga arewa take fitowa, daga kwarurrukan Yusufari irin su Bulatura, ƙasar Mangawa da ta miƙe har Maine-Soroa a Nijar.

Kanwar nan ba a haƙa mata rami mai zurfi. Ruwan damina ne ke kwanciya a kwari tsakanin tuddan rairayi, rani na yi sai ya ƙafe, ƙasa ta tofo fari fat. Sai a shiga a kankare, a tara tsibi-tsibi, a ware ja da fara. Dubi ƙafar mai wannan aiki ka ga abin tausayi: duk faso, kanwa ta cinye fatar, ga rana, ga iskar hunturu na watsa masa gari a ido. Shi ne kuma ke samun mafi ƙarancin kuɗi, ribar na wajen dillali da mai mota.

Uwargida na neman kanwa don wake da miyar kuka, mai jego don kunu, amma babban mai sayenta tun fil azal makiyayi ne. Bafulatani kan jiƙa ta a komi ya shayar da garke, don cikin saniya ya wanke ta ci ciyawa sosai. A da raƙuma da jakuna da takarkarai ke kai ta Kano. Da jirgin ƙasa ya iso Nguru a 1930, garin ya zama matattarar kanwa da ƙaro da fatu, ana yanka shanu a busar da naman a loda zuwa Kudu.

Farin 1973 da na 1984 sun karya garkuna da yawa. Dam ɗin Tiga, da aka gama a 1974, ya rage ambaliyar da ke raya fadamun Hadeja da Nguru, ciyawar kachalla ta toshe hanyoyin ruwa, gonaki suka cinye burtali. Rairayi kuma yana ta gangarowa cikin kwarurrukan.

Har yau ɗanyar kanwa muke sayarwa, kamar zamanin kakanni. Gwamnatin Yobe, a gyara hanyar shiga kwarurrukan nan, a kafa wurin tace kanwa a Nguru ko Gashuwa, a kuma mayar wa makiyaya burtalinsu.