Haɗa Kwamfutar Tebur a Kwatano: Yadda Ake Zaɓen Kayan da Suka Dace da Juna

Missèbo da Zongo unguwanni ne da ke tsakiyar birnin Kwatano a Jamhuriyar Benin. Missèbo ta yi suna da cinikin gwanjo, Zongo kuwa nan ne mazaunin Hausawa da sauran baƙi 'yan kasuwa. Kamar yadda gwanjon tufafi yake shigowa birnin, haka gwanjon kayan kwamfuta. Wasu suna saukowa a tashar jiragen ruwa daga Turai da Amurka, wasu kuma ana ɗauko su daga kasuwar Computer Village da ke Ikeja a Legas, su biyo ta iyakar Seme. Saboda haka wanda yake son haɗa kwamfutar tebur da kansa yakan tarar da kaya daga ƙasashe daban-daban, kuma na zamani daban-daban. Idan ya yi gaggawa, sai ya saya abin da ba zai yi masa aiki ba.

Abin da ake fara zaɓa shi ne babban allo, wanda ake kira carte mère da Faransanci, harshen da ake rubuta sunayen kaya da shi a Benin. A jikinsa ake dasa sauran kayan duka. Yana da gurbi guda na furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, kuma kowane gurbi yana da sunansa. Furosesar kamfanin Intel ba ta shiga gurbin AMD. Ko a cikin kamfani ɗaya ma gurbin yana canjawa: AMD ya fito da AM4 a 2016, sannan AM5 a 2022, Intel kuma ya fito da LGA 1200 a 2020, da LGA 1700 a 2021.

Akwai wani tarko a nan da ya fi kama masu sayen gwanjo. Gurbin LGA 1151, wanda ya fito a 2015, ya ɗauki furosesa ta zubi na 6 har zuwa na 9. Amma allon da aka yi wa zubi na 6 da na 7 ba ya aiki da na 8 da na 9, duk da cewa sunan gurbin ɗaya ne. Furosesar za ta zauna daram, a kulle ta, a kunna, fanka ma ta iya juyawa, amma babu abin da zai fito a fuskar kwamfuta. Mai saye sai ya ɗauka an sayar masa da matacciya, alhali lafiyarta lau. Maganin wannan shi ne a karanta lambar da ke jikin allon, a duba jerin furosesar da kamfaninsa ya ce yana karɓa, kafin a biya kuɗi.

Batun ram, wato ma'ajiyar wucin gadi, ya fi sauƙi. Akwai DDR3 da DDR4 da DDR5, kuma tsagar da ke ƙasan kowace tana wuri daban, don haka ba a danna ta da ƙarfi. Allon AM5 ba ya karɓar komai sai DDR5.

Sai akwatin wuta. Wutar lantarki a Benin bolt 220 ce, ta Amurka kuwa 120. Wasu tsofaffin akwatunan suna da ɗan jan maɓalli a baya mai lamba 115 da 230. Idan akwatin ya fito daga Amurka aka jona shi yana kan 115, nan take zai ƙone, wani lokaci har ya tafi da allon. Filogi ma ya bambanta: Benin tana amfani da mai zagayayyun ƙafafu irin na Faransa, Nijeriya kuwa mai ƙafa uku irin na Ingila. Haka kuma kwamfutocin ofis da manyan kamfanoni suka haɗa sukan zo da akwatin wuta mai bakin waya na musamman, wanda ba ya shiga allon da aka yi bisa tsarin ATX na gama-gari. Suna da araha, amma cire kayansu a sa a wata kwamfuta yakan zama wahala.

Ga ɗalibin harshe, kibod ma abin dubawa ne. Wanda ya zo daga Faransa tsarin AZERTY ne, na Legas kuwa QWERTY. Kowanne zai yi aiki da kowace kwamfuta, sai dai babu ƙ da ɗ da ɓ a kansu. Waɗannan haruffa ana samun su ne ta hanyar saita tsarin rubutun Hausa a cikin manhaja, tare da zaɓen nau'in haruffa mai bin tsarin Unicode.