Gano Ruwan Gishiri a Ƙarƙashin Ƙasa ta Hanyar Awon Lantarki

1.0 Gabatarwa

Awon lantarki dabara ce da masana kimiyyar ƙasa ke amfani da ita don sanin abin da ke ƙarƙashin ƙasa ba tare da an yi haƙa ba. Conrad Schlumberger ya fara gwada ta a Faransa a 1912, sannan Frank Wenner na Amurka ya fito da nasa tsarin a 1915.

2.0 Yadda Ake Awon

Akan kafa turakun ƙarfe huɗu a jere. Biyu na gefe su tura lantarki cikin ƙasa, biyu na tsakiya su auna turjiyar da ya gamu da ita. Gwargwadon nisan da aka ba turakun gefe, gwargwadon zurfin da awon zai kai. Busasshen dutse yana da turjiya mai yawa, ta ruwan daɗi matsakaiciya ce, ta ruwan teku kuwa ƙanƙanuwa ce ƙwarai, domin kowace lita tana ɗauke da kimanin giram 35 na gishiri, shi kuwa narkakken gishiri lantarki na ratsa shi cikin sauƙi.

3.0 Matsalar Bakin Teku

A garuruwa irin su Legas, ruwan daɗi yana zaune ne a kan na gishiri saboda ya fi shi rashin nauyi. Idan yawan zuƙa ya sa ruwan daɗi ya sauka da mita 1, na gishiri kan taso da kimanin mita 40. Da zarar ya shiga rijiya, ta lalace ke nan. Awon lantarki yakan nuna iyakar da ke tsakanin ruwayen biyu, sai a san zurfin da bai kamata a wuce ba.

4.0 Amfaninsa a Zariya

Zariya ba ta kusa da teku. Tana kan daskararren dutse ne, inda ruwa ke taruwa a tsage-tsage da wuraren da dutsen ya rududduge. Da wannan awo ake zaɓen inda za a haƙa rijiyar burtsatse. Haka kuma, a unguwa mai cunkoso kamar Tudun Wada, ƙazantar da ke tsatsafowa daga juji da masai tana rage turjiyar ƙasa, don haka akan iya bin sawunta kafin ta isa rijiyoyin jama'a.

5.0 Kammalawa

Yumɓu ma yana nuna ƙarancin turjiya. Saboda haka wajibi ne a ɗebi ruwan a gwada shi kafin a yanke hukunci.